Sawun Zabo a Ƙofar Tafinta

Dogon Dutsi, ran Jumma'a, farkon watan Azumi

Zuwa ga yayata Kaltume, a Unguwal Gawo ta ƙasar Matankari. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan ana shan ruwa lafiya. Ina gaida Malam Habu da zai karanta miki wannan. Malam, don Allah ku biyu kawai, ba a zaure ba.

Yaya, ki zauna kafin ki ji. Mani yana hannu. Gardawan bariki, dogaran Nasara, sun kama shi shekaranjiya a hanyar Tibiri, dab da iyakar ƙasar Ingilishi, yana gaba, wasu samari biyu da suka gudu daga ɗaukar soja suna bin sa. Su biyun sun faɗa cikin kaba sun ɓace, shi kuwa ya tsaya ya tare hanya. Ni aka kira in yi tafinta. Na shiga biro, wato ofishin kumandan, da alƙalami a kunne kamar kullum, ina ɗaga kai sai ga ɗanki tsugune da igiya a wuya. Na tsaya ina kallonsa. Shi kuwa ya dube ni kamar bai taɓa cin tuwo a gidana ba.

Kin san labarin kumandan ɗinmu, Nasaran da mutane ke ce wa Mai Kare. Ba ya ihu, ba ya zagi, shi ya sa na fi tsoronsa. Ya zazzage jakar Mani a kan tebur, ya ture wuƙa da ƙullin gari gefe, ya ɗauki 'yar ƙwaryar shan ruwa ya kife ta. A gindinta an ƙona wani zane da ƙarfe mai zafi, yatsu uku gaba, ɗaya baya, sak sawun zabo a kan rairayi. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a jikin rumbu a Gesheme, ya kuma gan shi a cinyar wani jaki. Ya ce tun da yaƙin nan na Jamus ya tashi, duk garin da gardawa suka je ɗaukar samari sai su tarar da tsofaffi da awaki. A ganinsa wannan ba gudun ƙauyawa ba ne. Akwai masu shirya shi a ɓoye, suna da shugaba, suna kuma da kunne har cikin bariki.

Ban san wanda ya gaya masa Mani ɗan 'yar'uwata ne ba, amma ya sani. Ya sa aka fita da shi, ya rufe ƙofa, ya ce mini bayan Sallah ayarin 'yan kaso zai tashi arewa, can cikin hamada inda ake fasa dutse. Yaya, tun da na fara aikin nan nake ganin masu tafiya can, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. Ya ce in na kawo masa shugaban masu wannan zane, da ransa, kafin ayari ya tashi, Mani ya koma gida ya yanke geronsa. In ban kawo ba, shi ke nan.

Na sami Mani a kaso da la'asar. Na lallashe shi, na zage shi, na tuna masa matarsa Balki da tsohon cikinta, har na yi hawaye gaban gardi. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Kawu, ka rage tambaya."

To ba zan rage ba. Ƙwaryar nan na san hannun da ya yi ta. 'Yar'uwarta ce kike aiko mini da fura a ciki duk ran kasuwa ta hannun Rabo mai jaki. Ina komawa gida na kife tawa, ga sawun nan yana kallona. Shekara da shekaru ina sha a kan abin nan ban taɓa duba gindinsa ba.

Ki gaya mini abin da kika sani, ko suna ɗaya ne. Rabo zai jira amsa. A gaida Balki, kada a faɗa mata maganar arewa. Allah ya ba mu mafita.

Ƙanenki, Inusa

*

Unguwal Gawo

Daga Kaltume zuwa ga ƙanena Inusa, Mushe Tahinta na bariki, yadda Nasara ke kiranka. Gaisuwa da son jin lahiyarka. Malam Habu ya karanta min takardarka, na sa ya maimaita, don bakinka ya koma na mutanen bariki, rabin maganarka sai an juya ta.

Labarin ɗan naka ya riga takarda isowa. Ka san ba ni kama sunanshi, ɗan hwari ne, kuma ba a ganin hawayena kanshi cikin mutane. Ran da anka hwaɗa min, geron buɗa baki nike daka, ban aje taɓarya ba. Na dama, na ba kowa. Sai da nis shiga ɗaki nit toshe bakina da zane. Kai kaɗai kaj ji wanga, kai da Malam da ba shi da yadda za ya yi.

Maganar ƙwarya kuwa, ado ne. Haka Inna take yi, haka nit taras, haka nike yi. Kai da kag gama karance takardun Nasara, yau gindin ƙwarya kake karatu? Kaico, ilimi ya yi yawa.

Amma bari in tuna maka wani abu. Ka san Issa mai gishiri. Bara shi ne yas shiga barikinku yak kai labarin samarin da sunka ɓuya cikin rumbunan garinmu, anka ba shi riga. Da sahe matarshi tat taras da sawun nan bisa ƙyauren ɗaki, amma an ja mishi layi a tsakiya, an yanke shi biyu. Issa yay yi dariya, yas sa anka wanke. Ran kasuwa anka gan shi zaune gindin gawo, ya jingina, sabuwar riga a wuya, goro cikin hannu. Mutane na wucewa suna gaishe shi, suna cewa girman kai ya hana shi amsawa. Sai wajen azahar wani yal lura ƙudaje na shiga bakinshi suna hita. Babu rauni, babu jini. Gardawanku sunka zo, sunka zagaya itace, sunka ci kajin mutane, sunka koma.

Inusa, an ɗauke min ɗaya. Ba ni son in rasa biyu. Ka ji abin da ɗan naka yac ce maka, ka rage tambaya.

Ka riƙa kai mishi abinci da hannunka. Ba ya son hura mai tsami, kuma in ciwo ya kama shi ba ya hwaɗi, sai ka duba idonshi.

Baba Illo na kwance, tsohon nan mai tsaron gawon gari da rijiya, wanda goshinshi bai taɓa taɓa ƙasa da salla ba. Ƙahwahunshi sun kumbura, ba ya hita. Ko cikin ciwon yana tambayarka. Jiya da nik kai mishi kunu yac ce, "Ina ɗan aronmu?" Ka san tsohon da maganganu.

Allah ya tsare min kai. A huta lahiya.

Yayarka, Kaltume

*

Dogon Dutsi, tsakiyar Azumi

Zuwa ga Yaya Kaltume, bayan gaisuwa da ban girma. Malam Habu, ina gaisuwa.

Na ji gargaɗinki, amma ke ma kin san ba zan iya naɗe hannu ba. Na duba idon Mani yadda kika ce. Ya yi ja, zazzaɓi na cin sa, ɗakin da suke ciki kuwa ko akuya ba za ki ɗaure ba.

Mai Kare ya tafi da ni rangadi, daga Gesheme har Tibiri, a kan doki, da azumi a bakina. Yaya, da ido ya buɗe, abin nan ko'ina yake! A jikin rumbu, can ƙasa inda kaji ke fakewa, an danna shi tun yumɓu na ɗanye. A itacen bakin rijiya, daidai inda igiya ta ci. A tabarmar wani mai goro ma na gan shi, an saƙa da baƙar kaba. Kafin mu kai Tibiri na gane karatunsa. Yatsun nan uku hanya suke nunawa. In mutum ya bi inda suka dosa zai tarar da wani sawun, daga rumbu zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gidan da ake ajiye tuwo bayan danga ba a tambayi mai ci ba, a haka har ya faɗa ƙasar Ingilishi. Ban gaya wa Mai Kare ba. Shugaba yake so. In na ba shi hanya zai ƙone garuruwa, Mani kuma yana nan inda yake.

Na yi tambaya a hankali a duk garin da muka sauka. Mai gari ya tambaye ni lafiyar dokina. Maƙeri ya ce shi kurma ne, bayan mun gama hira. Wata tsohuwa ta ce in kama hanyata in wuce, ita ma tana da ɗa. Ko suna ɗaya ban samu ba.

Abin da ya hana ni sukuni bayan mun dawo ya faru. Kin san tun ina lakwal, makarantar Nasara, nake barin gashi irin na Nasara, kina yi mini dariya. A rangadin nan na kwaso ƙwarƙwata, sai na je wurin wani tsohon wanzami a bakin kasuwa na ce ya yi mini tas. Aska na tafiya, hira na tafiya. Yana kaiwa ƙeya hira ta mutu. Aska ta tsaya cak a wuyana. Ya zagayo gabana ya durƙusa, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Ka yi min gahwara, ban san kai ne ba."

Na ce, "Ni wa, Baba?"

Ya tattara zabirarsa ya shige cikin mutane, ya bar ni da rabin kai, yara na yi mini dariya. Na kai hannu ƙeyata sai na ji tabo. Na ruga biro, na haɗa madubin kumandan da gilashin taga, na yi ta murɗa wuya har na gani. Yatsu uku sama, ɗaya ƙasa. Tsohon tabo ne, ya girma tare da ni.

Bai ƙare nan ba. Yau da safe na buɗe ƙofa, ga shi an zana da farar ƙasa a kan dokin ƙofata. Na tsuguna na duba da kyau ko an ja masa layi irin na Issa. Ba a ja ba, lafiyayye ne. Amma yatsun ɗakina suke kallo. Duk sawun da na gani a hanya gaba yake tura mutum, wannan kuwa a wurina ya tsaya. Na tambayi maƙwabta, kowa ya ce bai ga kowa ba, kuma mai kokon da ke zama kusa da ni ta ɗauke kayanta ta koma wani lungu.

Yaya, kada ki sake ce mini ado ne. Wa ya yanka ni? Me Baba Illo yake nufi da aro? Azumi na tafiya, kullum Mai Kare sai ya tambaye ni, "Ina mutumina?" yana shafa kan karensa.

Na bar ki lafiya, in akwai ta.

Inusa

*

Unguwal Gawo

Ƙanena, gaisuwa. Kai, Inusa, kai! Wa yac ce ka aske? Inna har ta mutu tana murna da gashin nan naka na Nasara, kai kana zaton kyau yake mata.

Tunda ka gani, saurara. Tsakanina da kai Inna ta binne huɗu, wabi take. Da anka haihe ka kana ta shiɗewa, har Babanmu ya duba wurin da za a yi maka rami. Sai Inna tac ce a kai ka gindin gawo wajen Baba Illo. Ni nig goye ka, don ita ba ta iya tsayuwa. Yas sa aska yay yi maka abin da kaj ji da yatsa, yac ce, "Za ya rayu. Amma ba naku ba ne, aro ne. Ran da munka so abinmu, mu amsa." Daga ranar ko mura ba ka sake yi ba. Da Nasara sunka ce kowane gari ya ba da yaro lakwal, kowa na ɓoye nashi cikin rumbu, Baba Illo da kanshi yan nuna ka da sanda. Inna ta yi kuka har ta kwanta, amma ba ta musa ba.

Sunan da kake nema kuwa, ga shi, tunda sai ka ji. Shi ne. Mai Sawu ake ce ma wanda ke riƙe da hanyar, kuma tun zamanin aikin dole Baba Illo ke riƙe da ita. Kada ka yi saurin murna. Tsohon ba ya kai Sallah. In kunka ɗora shi bisa doki, gawa za ku sauke a bariki, Nasaranka kuwa mai rai yac ce.

Magajinshi babu wanda yas sani, ko shi kanshi. Ba a naɗa Mai Sawu, tarkama ke nuna shi, wato tambayar gawa. Kai ba ka taɓa gani ba, kana can kana cin burodi. In ya cika, a naɗe gawa a ɗora bisa makara, maza huɗu su ɗauka, a tsaya gaban gari a tambaye ta, "Wa kab bar ma?" Daga nan ba su ke tahiya da ita ba, ita ke tahiya da su. Ta ja su cikin ƙaya, ta ja su bisa danga, ba ta tsayawa sai ta bugi ƙirjin mutum. Wanda tab buga shi ne, ko ya so ko ya ƙi. Malam Habu ya aje alƙalami yana neman tsari, na ce ya ɗauka ya rubuta. Ni ma salla nike yi, amma ina yarinya na ga wadda tab bugi Baba Illo, da idona wanga.

Doka ce duk mai sawu a jiki ya tsaya wurin. Ran da abin yah hwaru Rabo za ya kawo maka labari, ka taho. Amma ka zo kai ɗaya, Inusa. Ba gardi, ba Nasara, ba kare. Na hwaɗa maka, Malam shaida ne.

Balki ta yi nauyi ƙwarai, ba ta iya duƙawa. Kullum da la'asar tana zama bakin hanyar Dogon Dutsi, wai iska take sha. Ni ba ni zama, amma turmina na mai da shi inda ake hangen hanyar.

Allah ya kai mu da rai.

Kaltume

*

Dogon Dutsi

Yaya, gaisuwa a gurguje, Rabo ya riga ya ɗaure jaki.

Na ji duka. Mani jiya bai iya riƙe ƙwarya ba, ni na ba shi a baki. Maƙerin bariki ya fara gyaran sarƙoƙin ayari, ina jin ƙarar daga biro, tun safe har yamma.

Wanda gawar nan za ta buga, ko wane ne, ɗan wata ne shi ma, na sani. Na yi ta juya abin har kaina na ciwo. Amma ɗanki a kafaɗata ya koyi hawan doki, kuma ni ban haifa ba.

Zan zo. Kada ki tambaye ni sauran. Ki yafe mini, Malam ma ya sa ni a addu'a.

Inusa

*

Kason Dogon Dutsi, ranar Sallah

Zuwa ga yayata Kaltume. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Sarzan, babban gardawa, ya taimake ni da takarda, Mani ne zai kawo miki ita da hannunsa. An kwance shi ɗazu, yana jira a ƙofa.

Kina cikin mata ranar, kin ga abin da kowa ya gani. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda aka faɗa da Faransanci, shi nake so ki sani.

Da Rabo ya kawo labarin Baba Illo ya cika, kai tsaye na wuce wurin Mai Kare. Na ce masa gobe gawa za ta nuna mana mutuminsa. Ya yi dariya har yana share ido, amma ya ce ba ruwansa da wanda ya yi zaɓen, in dai mutane sun durƙusa wa wanda aka zaɓa. Na sa ya maimaita alkawarin Mani a gaban sarzan da gardawa.

Da hantsi ni da shi da gardawa muka shiga gonar dawar nan ta bayan garinmu, wadda ba a yanke ba, muka kwanta inda muke hangen gindin gawo. Babu wanda ya san wurin, ni na zaɓe shi muna isowa. Ina kwance ina kallon mazan garinmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda muka yi kiwo tare, ina tunanin wanne zan sayar. Na ji kunyar kaina ƙwarai, amma ban tashi ba.

Aka fito da makara, Rabo na ɗauke da ita a gaba ta dama. Aka yi wa gawa tambaya. Sai ta fizge masu ɗaukarta. Ta zaga mazan gari, ta tsaya gaban maƙeri har ya runtse ido, ta wuce. Ta sake zagawa. Daga nan ta juya wa gari baya. Yaya, na ga ta miƙo! Ta fasa danga ta faɗo gona, karan dawa na karyewa ƙas-ƙas, mutum huɗun nan na gudu suna tuntuɓe kamar an ɗaure su a wutsiyar bijimi. Karen kumandan da ba ya tsoron kura ya tsinke igiya yana kuka. Gardawa suka watse, har da mai yar da bindiga. Na miƙe zan gudu, ƙafa ta ƙi. Ta wuce sarzan, ta wuce Nasara har ta ture masa hula, ta same ni a ƙirji. Na faɗi, na tashi, ta sake bugu.

Gari ya iso, aka zube ƙasa ana cewa, "Mai Sawu, mun gaishe ka." Na dubi Rabo. Kafaɗarsa ta saɓule, jini na bin hannunsa, yana haki yana hawaye. Ya ce, "Tahinta, na rantse ba mu munka jawo ta ba." Har yanzu ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Na dai tuna duk ranakun kasuwar da yake zama a ƙofata yana tambayar labarin bariki, ni kuma ina zuba, wane gari gardawa za su, yaushe za su tashi. Ashe kunnen da Mai Kare ke nema nawa ne, ni kaɗai ne ban sani ba.

Mai Kare ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, fuskarsa fari fat. Ya ce, "Tafinta, me suke cewa?"

Sarzan Babambare ne, baƙo daga yamma, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Gardawa sun gudu. Duk filin nan ni kaɗai ke jin harshe biyu. Da na ce masa tsine mini suke yi don na kawo Nasara wurin gawa, wallahi da ya yarda. Da yau ina cin tuwon Sallah a ɗakina, Mani kuma yana jiran sarƙa. Na ɗaga kai na hango ki can baya, kin rufe baki da zane. Kowa yana ƙasa, ke kaɗai ce a tsaye.

Na ce, "Sun ce ni ne." Na cire hula na juya masa ƙeyata.

Ya duba tabon da kyau, sannan ya ce sarzan ya kama hannuna. In ba shi haƙƙinsa, ya cika alkawari, ko don a gaban mutanensa ya yi shi, ko don labarin kama tafinta ya fi daɗin aika wa manyansa a Yamai. Igiyar da aka cire wa Mani ɗazu ita aka sa mini, da ɗuminta. A bakin ƙofa Mani ya juyo ya durƙusa mini, irin durƙuson da ba na kawu ba.

Kwanakin nan sunaye suke tambayata, da bulala. Abin dariya, Yaya, an ba Nasara shugaban da bai san kowa ba. Ɗan abin da na sani kuwa, na rijiya da na jaki, ya mutu a cikina.

Jibi ayari zai tashi. Na so in rubuta miki cewa ba na tsoro, amma ƙarya ne, ina jin tsoro ƙwarai. Abu ɗaya nake so in tafi da shi. Ranar da kika ce in zo ni ɗaya, kin san wanda za ta buga?

A gaida Balki. A ba Mani ruwan sabara, zazzaɓin bai sake shi ba. Sai wata rana, in da rabo.

Ƙanenki, Inusa

*

Unguwal Gawo

Zuwa ga Mai Sawu, gaisuwa da ban girma. Ba ni sake kama sunanka, yanzu ku biyu ke nan.

Ɗan naka ya iso. Ya ci, ya yi barci. Balki ta sauka jiya, namiji, sunanka za a sa mishi.

Ka yi tambaya. Ni nig goye ka zuwa gindin gawo, jinin ƙeyarka bisa zanena yaz zuba. Na san wanda za ta buga. Kuma na san ƙanena, na san ba ka zuwa kai ɗaya. Da ka zo kai ɗaya, da yau kana gida cikin girma, ɗan naka yana hanyar arewa. Na auna ku biyu har na rame, na kasa, sai nib bar maka zaɓi ina sane da abin da za ka zaɓa. Ba ni roƙon gahwara ta takarda, sai ido da ido.

Ga hura nan hannun Rabo, ka sha, ka riƙe ƙwaryar. Hanyar arewa ma akwai rijiyoyi. Duk wadda kunka tsaya, ka roƙi a bar ka ka ja guga da kanka, ka duba itacen baki inda igiya tac ci.

Ban sani ba ko sawun ya kai can. Tsohon bai taɓa hwaɗa min iyakarshi ba.

Na share ɗakin Inna, na shimhiɗa tabarma. Turmina yana nan inda nib bar shi, bakin hanya.

Yayarka, Kaltume